Tarihin Gano Supanoba a Cikin Shafaƙin Ɓarkewar Hasken Gama

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda masana taurari suka tabbatar da cewa mutuwar manyan taurari ce ke haddasa doguwar ɓarkewar hasken gama. An yi amfani da kalmar "shafaƙi" a nan don hasken da ke saura bayan ɓarkewar yana dusashewa. "Supanoba" kuwa ita ce tarwatsewar tauraro a ƙarshen rayuwarsa.

2.0 Mafarin Matsalar

A shekarar 1967 ne taurarin ɗan'adam na Vela, waɗanda Amurka ta harba don sa ido kan gwajin makaman nukiliya, suka tsinkayi walƙiyar gama daga sararin samaniya. Ba a buga sakamakon ba sai 1973. Walƙiyar ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi ko mintoci, saboda haka kafin a juya madubin hangen nesa ta riga ta ɓace. A 1993 Stan Woosley ya kawo ra'ayin cewa ruftawar cibiyar babban tauraro ce sanadi, sai dai babu shaida a hannu.

3.0 Samuwar Shaida

Ranar 28 ga Fabrairu 1997, tauraron BeppoSAX na Italiya da Holan ya hango shafaƙi na farko, abin da ya ba da damar sanin ainihin inda ɓarkewa ta fito. A Afrilun 1998 aka ga supanoba SN 1998bw a daidai wurin wata ɓarkewa. Duk da haka masana da dama sun yi tababa, domin ɓarkewar mai rauni ce ƙwarai, suna ganin wataƙila dacewa ce kawai.

Abin da ya warware gardamar shi ne bambancin halin hasken biyu. Shafaƙi raguwa yake yi kullum, hasken supanoba kuwa ƙaruwa yake har mako biyu ko uku, domin ruɓewar sinadarin nikel 56 ce ke ciyar da shi. Wato idan aka yi haƙuri, na biyun zai rinjayi na farkon. Haka aka yi bayan ɓarkewar 29 ga Maris 2003, wadda HETE-2 ya gano. Kafin kwana goma, alamun SN 2003dh suka bayyana cikin shafaƙin, masu kama da na 1998bw.

4.0 Kammalawa

An shafe shekara 36 tsakanin ganin farko da wannan hujja. Ba a ce kowace doguwar ɓarkewa tana da supanoba ba, domin ta 14 ga Yunin 2006 ta zo babu ita duk da zurfin binciken da aka yi. Amma ɓarkewar 9 ga Oktoba 2022, mafi haske da aka taɓa gani, ta bi ƙa'idar: madubin James Webb ya tarar da supanoba cikin shafaƙinta bayan watanni.