Jirgin Ruwa da Masassaƙansa a Tarihin Kasuwancinmu na Bakin Binuwai

Mu mazauna Ngurore mun saba da lissafin arzikinmu ta kan kwalta da kasuwar shanu, domin a nan hanyar Numan da ta Mayo Belwa suka rabu, kullum manyan motoci na wucewa ta gabanmu. Amma duk wanda ya bi diddigin yadda kasuwa ta kafu a wannan ƙasa, zai tarar jirgin ruwa ne ya ɗauki nauyinta tun kafin a san mota, har akwai lokacin da jirgi shi ne gida, shi ne kanti, shi ne kuma sito.

Modibbo Adama, Allah ya jiƙansa, ya kafa Yola a 1841. Bayan shekara goma, wato a 1851, zamanin Lamiɗo Lawal, Baturen nan Bajamushe mai suna Barth ya iso mahaɗar Binuwai da Faro, kuma abin da aka yi masa fito da shi kwale-kwale ne siriri wanda aka fafe daga gungumen itace. To irin wannan jirgin ne fataken Kano da Katsina suke haye kogi da shi, in za su Ngaundare ko Tibati ko Banyo neman hauren giwa da goro. Bafatake komai yawan jakunansa, in ya zo gaɓa sai ya sauke kaya ya jira mai fito, su yi ciniki, a zuba kaya a jirgi, dabbobi kuwa su bi da iyo.

Sassaƙa irin wannan jirgi ba ƙaramin aiki ba ne. Sai masassaƙi ya shiga kurmi ya zaɓi maɗaci ko kawo wanda ya miƙe sosai, a sare shi da gatari, a fafe cikinsa da gizago kaɗan-kaɗan, yana yi yana ƙwanƙwasawa don ya ji kaurin da ya rage. In ya matsa ya huda, asarar wata da watanni ke nan. In kuma ya bar gefe guda ya fi nauyi, jirgin zai riƙa karkata duk tsawon ransa. Shi ya sa a da ba a rena masassaƙin jirgi, kuma sana'a ce ta gado. Batawa, waɗanda su ne 'yan asalin bakin wannan kogi, da Jukunawa daga ƙasa, su suka san ruwan nan ciki da bai, daga baya masunta Hausawa irin su Kabawa da Sarkawa suka zo suka same su. Can ƙasa kuwa, wajen Lakwaja, Nufawa da Kakanda suna da manyan jirage masu rumfar tabarma, mutum da iyalinsa da murhunsu duk a ciki, su yi wata da watanni suna safara ba su kwana a tudu ba.

Abin mamaki, Turawa ma da suka zo irin wannan zama suka yi, amma su ba don sun so ba. A shekarun 1880 kamfanin Ingila wanda a 1886 ya zama Royal Niger Company ya iso da ciniki. Lamiɗo bai sakar musu fuska sun yi zaman dindindin a tudu ba, saboda haka sai suka ɗaure wani tsohon jirgi a kan Binuwai, a ciki suke kwana, a ciki suke ajiye gishiri da yadi, a nan ake kawo musu hauren giwa da ƙaro. Ni dai a ganina sarakunan nan sun san abin da suke yi. Baƙon da ke kan ruwa, ran da aka gaji da shi sai a ce ya kwance igiya ya kama hanya, amma wanda ya kafa tubali fitar da shi sai an yi da gaske. Bafaranshe Mizon ma ta ruwa ya zo a 1891, zamanin Lamiɗo Zubairu. Da zama ya ƙi daɗi tsakanin Zubairu da kamfani, sai sojan Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka jira kogi ya cika, suka hauro da jirage, suka ci Yola ran 2 ga Satumba 1901, aka naɗa Bobbo Ahmadu.

Daga nan ne Jimeta ta fara bunƙasa, don ita ce tashar jirgi. Jiragen kamfanin Neja, wanda daga baya ya shiga cikin UAC a 1929, da na John Holt, suna haurowa daga Burutu da Warri, wasu su zarce har Garwa a Kamaru. Amma fa ba kullum ba. Binuwai ba ya ɗaukar babban jirgi sai da damina ta nutsa, kamar daga Yuli zuwa Oktoba. Cikin 'yan watannin nan dole a sauke gishiri da kananzir da siminti da yadi na shekara guda, a loda gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga waɗanda aka tara tun kaka. Ɗan kasuwan da ya makara da kayansa, sai ya zauna da su har baɗi, kuɗinsa a kwance, ɓera da gara suna rabo. Wannan ne ya haifar da manyan sito-sito a bakin kogi, da dillalai da 'yan dako da masu masauki, kuma da yawa daga cikin iyayenmu wannan hada-hada ce ta kawo su ƙasar Adamawa. Su kuma ƙananan jiragen sassaƙa su ke kwaso amfanin gona daga ƙauyukan bakin ruwa, su ke aiki da rani lokacin da na ƙarfe ba ya iya motsi.

Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya datse hanyar kudu. Bayansa aka shimfiɗa kwalta, aka gina gadoji a Jimeta da Numan, Yola ta zama hedkwatar Jihar Gongola a 1976, tirela ta karɓe aikin jirgi. Sai kuma ga madatsar Lagdo da Kamaru ta gama a 1982 a saman Garwa, wadda ta riƙe ruwan da a da yake saukowa da ƙarfi da damina.

To amma sana'ar ba ta mutu ba, wuri ta sake. Ta bar doguwar hanyar kogi ta koma tafkuna: Geriyo a gefen Jimeta, Njuwa a gefen Yola, da sabon ruwan da madatsar Kiri ta tara a kan kogin Gongola tun 1982 saboda raken kamfanin sukari na Savannah. Shi kansa tafkin Lagdo ya ja masunta Hausawa da yawa, suka kafa sansani a bakinsa, bandarsu kuma tana ƙetarowa kasuwanninmu. Jirgin ma ya sake kama. Manyan itatuwan da za a fafe sun yi wuya, sai kafinta ya maye gurbin masassaƙi. Yanzu katako ake saya, a shimfiɗa na ƙasa, a tayar da na gefe, a haɗa da ƙusa, a cusa tsumma ko auduga a tsakani, a narka kwalta a bi a shafe. Ya fi saurin haɗuwa, ya fi ɗaukar kaya, ana kuma iya ɗaura masa injin Yamaha a baya. Sai dai bai kai na sassaƙa ƙarko ba, kullum cikin faci yake, kuma mai shi ba ya rabuwa da ƙwaryar kwalfe ruwa.

Duk wanda ya taɓa cinikin kifi ya san jirgi guda mutum nawa yake ciyarwa. Akwai mai katako da kafinta da mai sayar da koma da ƙugiya, akwai masunci da yaronsa mai filafili, akwai mata masu banda da masu kawo musu itace, sannan dillali da direba da mai tebur a kasuwa. Galibi ma ɗan kasuwa ne ke ba da kuɗin jirgi da koma, masunci ya riƙa biya da tarwaɗa da karfasa da ragon ruwa. Tsari ne mai amfani in an ji tsoron Allah, amma kowa ya san akwai masu karya farashi a gaɓa har bashin ya ƙi ƙarewa, mutum ya tsufa yana tuƙa jirgin da bai zama nasa ba. Wannan malamanmu sun sha jan kunne a kansa, kuma ya kamata shugabannin ƙungiya su sa baki, tunda mai bayarwa da mai karɓa sau da yawa duk namu ne.

Babbar damuwa dai ita ce tafkunan kansu. Geriyo da Njuwa ambaliyar Binuwai ce ke cika su, ita ke shigo da kifi ya hayayyafa a cikin ciyawa. Da ambaliyar ta rage, yashi da laka suka yi ta taruwa, gine-gine da gonaki suka matso. Njuwa da ake taruwa bikin kamun kifi, an yi shekarun da manoma ne ke cikinta, ba masunta ba. Geriyo kuwa hukumar raya kogin Binuwai ta sama tana noman rani a gefenta, shinkafa da kayan lambu, don haka manomi da masunci da makiyayi duk ruwa guda suke kallo, kowa na ganin shi ya fi cancanta. Ga masu sa koma mai ƙananan ido suna kwashe har 'ya'yan kifi.

Wani ikon Allah kuma, ruwan da ake kukan rashinsa shi ne ya zo ya yi ɓarna a 2012 da 2022, lokacin da aka saki Lagdo a kan ruwan sama mai yawa. Gonaki da gidaje suka nutse daga Fufore har Numan, kuma a ranakun nan kwale-kwalen katakon da ake renawa shi ya kwashe mata da yara da buhunan hatsi zuwa tudu. Madatsar Dasin Hausa da aka tsara a ƙasar Fufore domin ta tare irin wannan ruwa, tun shekarun 1980 ake maganarta, har ambaliyar 2022 ta zo ba a gina ta ba.