Asalin Manyan Siffofin Ingilishi

A ƙasar Daura, in baƙo ya sauka, akan tambayi garinsu da gidansu kafin a san irin mazaunin da za a ba shi. To, mu a ganinmu haka ya kamata 'yan makaranta su yi wa manyan siffofin Ingilishi, watau kalmomin da ke bayyana halin abu ko kamanninsa, domin galibinsu baƙi ne a cikin harshen kansa.

Tushen Ingilishi maganar Angal da Sakson ce, waɗanda suka ƙetara zuwa Ingila daga wajajen Jamus a ƙarni na 5. A 1066 Wiliyam na Normandi ya ci ƙasar da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a. Bayan haka kuma malamai suka yi ta ɗebo kalmomi daga Latin, harshen Rumawa, da harshen Yunanawa. Shi ya sa abin da ya danganci sarauta yake da siffa uku: kingly ta gida, royal ta Faransa, regal ta Latin. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, don ta hanyar malamai ne adali da jahili da mumini suka shigo mana daga Larabci, har suka zama 'yan gida.

Bari mu gwada da tarihin Daura. Labarin kakanni ya ce mata ne suka yi sarauta kafin zuwan Bayajidda, ta ƙarshensu kuwa ita ce Daurama. Irin wannan mulki Turawa kan siffanta shi da matriarchal, an haɗa ta daga mater, uwa da Latin, da arkhe, mulki da Yunananci. Macijin rijiyar Kusugu kuma, wanda ya hana ɗiban ruwa sai ran Juma'a, ya isa ya tuna mana serpentine, mai lanƙwashe-lanƙwashe kamar tafiyar maciji, daga serpens. Labarin kansa legendary ne, daga legenda, watau abin da ya kamata a karanta.

Waɗansu siffofin sunan mutum ko na ƙasa ke ɓoye a cikinsu. Draconian, hukunci mai tsananin gaske, ta samo suna daga Darako, wanda ya rubuta wa mutanen Atina dokoki wajen shekara 621 kafin haihuwar Annabi Isa. Laconic, mai taƙaita magana, daga Lakoniya take, ƙasar mayaƙan Isparta, waɗanda ba su son surutu. Crimson kuwa, ja wur, asalinta ƙirmiz ne na Larabawa, wani ƙwaro da ake rini da shi.

Tun da aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, 'yan Arewa ke fama da irin waɗannan kalmomi, har wa yau kuwa da yawa haddace su suke yi ba sanin tushe. Hadda irin wannan guga ce marar igiya. Wanda ya san mater ya kusa sanin maternal tun bai buɗe ƙamus ba. Wanda ya haddace kawai, ran jarrabawa sai ya aza kalma inda ba gurbinta ba, ya faɗi, ko ya rubuta wasiƙar neman aiki a yi masa dariya.

Saboda haka, samari da 'yammata, kowace siffa kuka gamu da ita, ku nemi asalinta a ƙamus, ku rubuta shi kusa da ma'anarta, sa'an nan ku sa ta cikin jimla a kan abin da kuka sani na garinku. Allah ya ba da sa'a, amin.