Fu'ar

fu'ar (suna, namiji, ba shi da jam'i, ana kuma rubuta shi *pu'er*). Daga sunan garin Pu'er na lardin Yunnan, kudu maso yammacin ƙasar Sin.

1. Shayi mai faɗin ganye da ake yi a Yunnan. Akan turara busasshen ganyen, a matse shi ya zama curi mai siffar faifai, yawanci giram 357, a naɗe bakwai-bakwai cikin ɓawon gora.

2. ɗanyen fu'ar: wanda aka ɗan soya ganyensa a kasko, aka murza, aka shanya a rana, aka bar shi ya nuna da kansa. Kishiyarsa nunannen fu'ar, wanda ake jiƙawa a tsibe don gaggauta nunarsa, dabarar da aka fara a 1973.

3. tsohon fu'ar: ɗanyen da ya shekara goma ko fiye a ajiye. Ɗaci da baurinsa sun kwanta, ruwansa ya rikiɗe daga ɗorawa zuwa ja mai duhu, ga ƙamshin kafur, tsohon katako da busasshen dabino. Nagarinsa yakan bar zaƙi a maƙogwaro bayan an haɗiye. Ajiya a wuri mai danshi kamar Hong Kong tana saurin nunar da shi fiye da ta busasshen wuri kamar Kunming.

Dahuwa: a ɓanɓari kamar giram 6 don ruwa mililita 100. A kwara tafasasshen ruwa a zubar da na farko, sannan a riƙa tsiyayewa bayan daƙiƙa 10, ana ƙara lokaci a hankali. Yakan jure zubi goma. Ba a sa madara ko sukari.

Misali: *Tsohon fu'ar ba a shan sa da gaggawa.*