Yadda ake shirya baka na gargajiya domin aika shi ta gidan waya

Baka yana cikin kayan da ke da wuyar aikawa ta gidan waya ko kamfanonin jigilar saƙo. Ba shi da nauyi, amma dogo ne kuma siriri, kuma tsagewa kaɗan a jikinsa ta isa ta raba shi da amfani. Bakan da ya tsage a hanya yana iya karyewa a hannun maharbi ranar da ya fara jan tsirkiya, ya ji masa rauni. Saboda haka mai sayar da kayan gargajiya, ko wanda zai aika wa wani kyauta, yana bukatar sanin irin bakan da ke hannunsa da dokokin da suka shafe shi kafin ya nufi ofishin aikawa.

Ire-iren baka da abin da ke cutar da su

Bakan maharban ƙasar Hausa galibi na itace ne ko gora, da tsirkiyar fata. Dogon bakan Ingila sanda ɗaya ce miƙaƙƙiya wadda tsawonta kan kai mita 1.8, yayin da bakan Japan da ake kira yumi yakan wuce mita biyu. Bakan Turkiyya da na Koriya gajeru ne masu lanƙwasa, an haɗa su da ƙaho da jijiyar dabba da itace, aka manne su da danƙon fata ko na kifi. Akwai kuma na zamani da ake warwarewa gida uku, wato mariƙi da fikafikai biyu, kuma shi ya fi sauƙin aikawa.

Abubuwa uku ne ke lalata baka a hanya: danniya, zafi da laima. Danniya tana zuwa ne daga kayan da ake jibgawa a kansa cikin mota ko jirgi. Zafi yana sassauta danƙo, ya bar baka a murɗe. Laima kuwa tana shiga itace da jijiya, ta rage musu ƙarfi. Bakan da ya bar Kano cikin hunturu ya sauka Legas ya shiga iska mai ɗauke da ruwa sosai, kuma itacensa zai ɗan kumbura.

Kafin a naɗe shi

Matakin farko shi ne kwance tsirkiya. Baka mai ɗaure yana cikin tanƙwara ne, kuma idan ya kwana a haka cikin zafin bayan mota zai riƙe lanƙwasar har abada. A nannaɗe tsirkiyar a saka ta a ƙaramar leda daban. A goge bakan, a tabbata ya bushe sarai, domin leda tana kulle laima a ciki har fumfuna ta fito. Daga nan a ɗauki hotunansa ta kowane ɓangare, musamman bakunan biyu, saboda su ne hujja idan aka yi jayayya daga baya.

Naɗewa da zaɓen mazubi

A fara sa bakan cikin yadi mai laushi, sannan a zagaya shi da ledar nan mai ƙurajen iska sau biyu ko uku. Kada salatif ya taɓa jikin bakan, domin yana ɗaye fenti da ado. Bakunan biyu, inda ake maƙala tsirkiya, su ne mafi rauni, don haka a yi wa kowanne hula da soso ko kwali mai kauri.

Miƙaƙƙen baka ya fi samun kariya cikin bututun ruwa na roba mai faɗin inci huɗu, irin wanda ake sayarwa a shagunan kayan famfo. A yanka shi ya ɗara bakan da santimita goma, a cusa soso mai kaurin santimita biyar a kowane ƙarshe, a rufe da murfi a ɗaure da salatif mai ƙarfi. Bututu yana gangarawa a kan injin rarraba kaya, shi ya sa wasu kamfanoni ke ƙara masa kuɗi. Sa shi cikin dogon kwali mai kusurwa yana magance wannan. Baka mai lanƙwasa ba a tura shi cikin bututu da ƙarfi. Ana yi masa kwali mai ninki biyu ko akwatin katako marar nauyi wurin kafinta, a tokare shi da soso ta yadda ba zai taɓa bango ba. Idan an gama, a girgiza ƙunshin. In an ji motsi a ciki, a buɗe a ƙara ciko.

Kibau ana ɗaure su daban, a rufe tsininsu da soso ko kwali. Kibiya mai dafi, irin wadda ake shafa wa kwankwani, ba ta halatta a gidan waya ko kaɗan, domin hatsari ce ga duk ma'aikacin da zai taɓa ƙunshin.

Awo da kuɗin aikawa

Ƙa'idar Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, wadda aka kafa a 1874, ita ce kada ƙunshi ya wuce mita biyu a tsawo, kuma tsawo da kewaye idan an haɗa kada su wuce mita uku. Wasu ƙasashen iyakarsu mita 1.5 ce, wasu kuma mita 1.05 kawai. Ke nan yumi ba zai bi ta wannan hanya ba, haka ma dogon bakan Ingila a ƙasashen da iyakarsu ta yi ƙasa, sai ta kamfanin jigila mai karɓar dogayen kaya. Ya kamata a auna ƙunshin a tambayi ofishin NIPOST ko kamfanin kafin a biya.

Kamfanoni irin su DHL suna lissafi da girman kaya idan ya fi nauyinsa. Ana ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, a raba da 5,000. Kwali mai santimita 150 da 20 da 15 zai tashi a matsayin kilo tara, ko da bakan da ke ciki bai kai kilo ɗaya ba. Rage faɗin kwali ba tare da rage ciko ba yana rage kuɗi sosai.

Takardu da doka

Kayan da zai fita waje sai da takardar kwastam, CN22 ko CN23. A rubuta gaskiyar abin da ke ciki, da kayan da aka yi shi da su, da ainihin farashinsa. Wanda ya rage farashi don gudun haraji ya rage diyyar da zai samu idan kayan ya ɓata.

A Najeriya, dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi ba tare da izini ba, kuma kayan hannun da aka yi kafin 1918 suna ciki. Tsohon bakan gado yana iya faɗawa wannan rukuni, don haka a kai shi gidan tarihi a duba tukuna. Yarjejeniyar CITES ta 1973 ta taƙaita cinikin hauren giwa da fatun wasu namun daji kamar mesa da damisa, waɗanda akan yi wa baka ko kwari ado da su. Ostireliya da Niyuzilan kuma suna tsananta bincike kan itace, fata da gashin tsuntsu, har sukan riƙe kaya ko su nemi a yi musu feshi.

Baka mai daraja ya cancanci inshora da lambar bibiya, da sharaɗin sa hannu wurin karɓa. A ajiye rasit da hotuna har kayan ya isa.

Bayan ya isa

Mai karɓa ya duba ƙunshin a gaban wanda ya kawo, ya ɗauki hoton duk wata lotsewa kafin ya buɗe. Ya bar bakan ya huta kwana ɗaya ko biyu a inuwa domin ya saba da yanayin wurin, sannan ya bi jikinsa da ido da yatsa yana neman tsaga. Idan ya ɗaura tsirkiya, ya fara da ja kaɗan-kaɗan yana saurare. Ƙarar tsagewa alama ce ta a dakata a kai wa gwani. Kada kuma ya saki tsirkiya babu kibiya, domin ƙarfin da ya kamata ya tafi da kibiyar yana komawa jikin bakan ya fasa shi.