Me ke sa madubin cikin mota rawa?

Direbobin da ke zirga-zirga daga Daura zuwa Kano ta Kazaure, ko zuwa Kwangwalam a kan iyakar Nijar, sun san yadda madubin cikin mota kan kama rawa har abin da ke baya ya daina fitowa sosai.

Lamarin na da haɗari, domin direban da zai taka birki ba zai iya tantance nisan babur ko tirelar da ke biye da shi ba.

Lokacin da madubin ke rawar shi ne ke nuna inda matsalar take.

Idan sai an shiga gargada yake kaɗawa, to galibi notin da ke riƙe da shi ne ya kwance, kuma ɗaure shi ya wadatar. Carbi ko turaren da ake ratayawa a jikinsa ma kan ƙara masa nauyi.

Zafin bazara, daga Maris zuwa Mayu, kan raunana gam ɗin da ya manne gindin madubin da gilashin gaba. A nan sai a kankare tsohon, a sa gam na musamman, a bari ya bushe kafin a mayar da madubin.

Idan kuwa sai mota ta ɗauki gudu yake rawa, tayoyi ne ke bukatar saiti. In yana yi alhali motar na tsaye injin na aiki, sai bakanike ya duba robobin da injin ke zaune a kai.