Dacewar Sigogin Manhajar Uwar Garke da Rumbun Bayanai da Matakan Sabunta Su

Uwar garke ita ce kwamfutar da ke ajiye bayanan ofis, take kuma miƙa su ga sauran kwamfutoci idan an nema. Jerin albashin ma'aikata da rajistar filaye da sunayen manoman da za a raba wa taki, duk a irin wannan na'ura ake adana su. Galibi manhajoji uku ne ke aiki tare a cikinta: babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, kamar Ubuntu, manhajar rumbun bayanai, kamar MySQL, da kuma harshen da aka rubuta manhajar ofis da shi, kamar PHP. Kowace daga cikinsu tana da siga mai lamba, kuma ba kowace siga ce ke jituwa da 'yar'uwarta ba. Wannan jituwa ita ake kira dacewa.

Siga da wa'adin tallafi

Masu ƙera manhaja sukan yanka wa kowace siga wa'adi. Kafin cikarsa suna toshe duk kafar da aka gano ɓarayin intanet za su iya bi; bayan cikarsa sai su daina. Manhajar za ta ci gaba da aiki kamar babu abin da ya faru, sai dai ta zama gida marar mai gadi.

MySQL, wadda kamfanin Oracle ya mallaka tun 2010, ta fitar da siga ta 5.6 a 2013, aka daina tallafa mata a Fabrairu 2021. Siga ta 5.7 ta fito a 2015, wa'adinta ya cika a Oktoba 2023. Ta 8.0 ta fito a Afrilu 2018, aka sa mata wa'adi zuwa Afrilu 2026, sannan ta 8.4, mai tallafi na dogon zango, ta fito a Afrilu 2024. A ɓangaren PHP, an daina tallafa wa 5.6 a ƙarshen 2018, ita kuwa 7.4 a Nuwamba 2022.

Illar barin na'ura babu gyara ta bayyana a watan Mayu na 2017, lokacin da cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kulle bayanai a ƙasashe da yawa, har ta tsayar da aiki a asibitocin gwamnati a Ingila. Kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da maganin kafar da ta bi tun watan Maris na shekarar, amma na'urorin da abin ya shafa ba a sa musu shi ba.

Ba a tsallake mataki

Ofishin da ke kan MySQL 5.6 ba zai haura kai tsaye zuwa 8.4 ba. Wajibi ne ya koma 5.7, daga nan 8.0, sannan 8.4. Dalili shi ne kowace siga an shirya ta ne ta fahimci tsarin ajiyar wadda ta gabace ta kaɗai, ta juya shi zuwa nata. Haka abin yake a Ubuntu, wadda ke fitar da siga mai dogon tallafi a watan Afrilu duk bayan shekara 2: daga 18.04 sai 20.04, sai 22.04, sai 24.04.

Ya kamata a lura cewa sabunta babbar manhaja yakan janyo sauran tare da ita. Ubuntu 18.04 ta zo da MySQL 5.7 da PHP 7.2, ita kuwa 20.04 ta zo da MySQL 8.0 da PHP 7.4. Ma'aikacin da ya yi niyyar sabunta abu ɗaya, sai ya tarar ya sauya uku a lokaci guda.

Haka kuma hanyar ba ta da komowa. MySQL 8.0 ta sauya yadda take ajiye bayanin tsarin rumbu gaba ɗaya, saboda haka rumbun da ya shiga cikinta ba ya komawa 5.7. Mafita ɗaya ita ce kwafin ajiyar da aka ɗauka kafin a fara aiki. Ofishin da bai ɗauka ba, ba shi da inda zai koma.

Inda aka fi samun rashin dacewa

Na farko, umarnin da aka soke. PHP 7.0, wadda ta fito a Disamba 2015, ta cire tsohuwar hanyar magana da MySQL da manhajoji da yawa na shekarun 2000 suka dogara a kanta. Irin wannan manhaja ba za ta buɗe ba sai an sake rubuta wannan sashe nata.

Na biyu, hanyar tantance kalmar sirri. MySQL 8.0 ta zo da sabuwar hanya wadda tsofaffin sigogin PHP ba su sani ba, don haka ake bukatar 7.4 ko wadda ta fi ta. A 8.0 ana iya komawa tsohuwar hanya a matsayin dabarar wucin gadi, amma 8.4 ta zo da ita a kashe, siga ta 9.0 kuma ta cire ta kwata-kwata.

Na uku, kalmomin da sabuwar siga ta keɓe wa kanta. MySQL 8.0 ta keɓe kalmomi irin su RANK da GROUPS. Idan mai rubuta manhajar albashi ya sa wa gurbin muƙamin ma'aikaci suna RANK, umarnin da ya yi shekaru yana aiki zai iya tsayawa ranar da aka sabunta.

Baƙaƙen Hausa masu lanƙwasa

Wannan matsala ta shafi ofisoshin da ke rubuta sunaye da Hausa. Kafin 8.0, tsarin haruffan da MySQL ke zaɓa da kanta shi ne latin1, wanda babu ƙ da ɗ da ɓ a cikinsa. Daga 8.0 aka koma utf8mb4, wanda ya ƙunshe su duka. Sabuntawa ba ta sauya tsofaffin jadawalai da kanta. Matsalar takan fito ne a lokacin da aka kwashe bayanai zuwa sabon rumbu. Idan ba a yi juyin daidai ba, kalmar ƙauye takan fito kamar Æ™auye, ko alamar tambaya ta maye gurbin harafin. Na farko ana iya gyara shi. Na biyu kuwa harafin ya ɓace ke nan sai an koma kwafin ajiya. Sakamakonsa shi ne a nemi sunan Ɗanladi a rajista a rasa, alhali yana nan.

Tsarin da ya dace a bi

1. A rubuta lambar sigar kowace manhaja da ke cikin na'urar da ranar cikar wa'adinta.
2. A tuntuɓi wanda ya rubuta manhajar ofis, ya bayyana a rubuce sigogin da take aiki da su.
3. A ɗauki cikakken kwafin ajiya, a adana shi a wata na'ura dabam, a kuma gwada maido da shi don a tabbatar yana aiki.
4. A fara gwaji a na'urar da ba ita ake aiki da ita ba. Manhajar MySQL Shell tana da sashen da ke bincika rumbu ya lissafo abubuwan da za su hana shi shiga sabuwar siga.
5. A tanadi janareta ko batir, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki na iya lalata rumbun.
6. A guji ƙarshen wata da lokacin biyan albashi.
7. Bayan kowane mataki a ƙirga adadin bayanai, a kwatanta da na da, a kuma nemi wasu sunaye masu ƙ da ɗ da ɓ.

Nauyin shugaban ofis

Ba lallai ne shugaban sashe ko sakataren ƙaramar hukuma ya iya aikin da hannunsa ba, amma kafin ya sa hannu ya kamata ya nemi amsar tambayoyi uku: wace siga ake kai kuma yaushe wa'adinta ke cika, ina kwafin ajiya yake kuma an gwada shi, sannan kwana nawa za a ɗauka kafin a maido da aiki idan abin ya ƙi. Ana kuma shawartar ofisoshi su riƙa sanya kuɗin sabuntawa a kasafin shekara, domin hawa mataki ɗaya a kan kari ya fi sauƙi da araha a kan hawa uku bayan an makara.

Ga jama'a kuwa, duk wanda ya ga sunansa ko na ƙauyensu ya fito da baƙin alamomi a takardar da ofis ya ba shi, ya sanar da ofishin nan take, kuma ya riƙe tsohuwar takardarsa a matsayin shaida.