Daga Awon Tsayi Zuwa Awon Numfashi: Tarihin Gwajin Ƙarfin 'Yan Sanda

 Da yawanmu idan muka saka ɗan sanda a labari, ko dai mu yi shi dogo ƙaƙƙarfa mai kama ɓarawo da hannu ɗaya, ko mu yi shi mai tumbi da ba ya iya taku goma. Tarihin aikin ya fi haka faɗi, shi ya sa yau za mu leƙa Ingila, inda tsarin 'yan sandanmu ya samo asali.

A shekarar 1829 Robert Peel ya kafa rundunar 'yan sandan Landan. Sharaɗin shiga shi ne mutum ya kasance namiji, bai kai shekara 35 ba, tsayinsa ya kai ƙafa 5 da inci 7, kuma ya iya karatu da rubutu. Wato da ido da magwaji ake auna ƙarfi, kuma a bakin ƙofa kawai. Wanda ya shiga ya shiga ke nan, ko bayan shekara ashirin ba mai sake tambayar numfashinsa.

Mata sun fara sintiri a rundunar a 1919, amma a sashe na daban, galibi kan lamuran mata da yara. Sai a 1973 aka haɗe sashensu da na maza. Daga nan ma'aunin tsayi ya zama abin muhawara, domin yana tare mata da yawa da kuma mutanen da asalinsu ba dogaye ba ne, alhali tsayi ba ya nuna wanda zai iya bin mai laifi da gudu. A 1990 rundunar ta soke shi.

Saura batun shekaru. Masana lafiyar jiki sun nuna cewa daga wajen shekara talatin, ƙarfin zuciya da huhu na raguwa da kusan kashi 10 cikin ɗari duk shekara goma ga wanda ba ya motsa jiki. Haka kuma, a jimlace mata ba su kai maza ƙarfin damtse da kafaɗa ba, ko da yake horo yana rage tazarar sosai. A 2012 wani lauya mai suna Tom Winsor ya miƙa wa gwamnati rahoto, ya ba da shawarar a riƙa gwada jami'ai duk shekara. Daga 2014 abin ya zama dole a Ingila da Wales. A tsarin da aka fara da shi a 2014, ana gudu ne tsakanin layi biyu masu tazarar mita 15, na'ura na ƙara tana daɗa sauri, na tsawon kusan minti uku da rabi. Ma'auni ɗaya ne ga kowa, mace ko namiji, matashi ko dattijo, bisa hujjar cewa ɓarawo ba ya rage gudu don mai binsa ya tsufa.

A Amurka kuwa, hukumar FBI ta bi wata hanyar. A atisayen da ake dafa ƙasa da hannu biyu ana sauka ana tashi, ƙa'idar da ta gindaya a baya ita ce namiji sai ya yi 30, mace 14. Wani ɗalibin horo, Jay Bauer, ya tsaya a 29, ya kai ƙara cewa an nuna masa bambanci. A 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta ce bambancin adadi ba laifi ba ne matuƙar wahalar da aka ɗora wa maza da mata daidai take.

Kun ga hanyoyi biyu ke nan. Ɗaya na auna abin da aikin ke buƙata, ɗaya na auna lafiyar mutum gwargwadon halittarsa. Ma'auni ɗaya kan yi wa matashi sauƙi ya yi wa 'yar shekara hamsin tsauri, ma'auni biyu kuma kan jawo ƙorafin son kai. A nan Nijeriya, sanarwar ɗaukar kurata har yanzu tana neman tsayin mita 1.67 ga maza da 1.64 ga mata, wato magwajin zamanin Peel bai bar mu ba.

Don haka idan za mu ƙirƙiri sufeto mai shekara hamsin ko kofur mace a labarinmu, mu tuna jikinsu ma yana da tarihi. Wace hanya kuke ganin ta fi adalci cikin biyun nan? Muna sauraren ra'ayoyinku.